Yadda Ake Kwatanta Ƙarfin Furosesa a Fagen Wasannin Kwamfuta



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa shi ne yadda ake kwatanta ƙarfin furosesa, watau ƙwaƙwalwar kwamfuta irin ta kan tebur, idan abin da za a yi da kwamfutar wasa ne. Na san ba za a rasa wanda zai ce a ransa, me ya haɗa jami'a da wasa? Amsar ba ta da nisa. A cikin ayyukan yau da kullum babu wanda yake matsa wa kwamfuta lamba ta fuskar lokaci kamar wasa. Mai rubuta wasiƙa ba zai lura ba idan na'urarsa ta makara da rabin sakan, wanda kuma ya ba ta dogon lissafi yana iya tashi ya sha shayi ya dawo. Mai wasa kuwa idonsa na kan allo, hannunsa na kan maɓalli, jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba ma sai ya ji shi a jikinsa. Ga shi kuma akwai dukiya a cikin lamarin, domin furosesa na sahun gaba yakan kai dala 450 zuwa 600. Saurayin da ya shekara yana tari don ya haɗa kwamfuta, idan ya bi lambar da ke jikin kwali kawai, yana iya biyan kuɗi mai yawa ya sayi abin da bai kai mai araha ba.

Bari mu fara da abin da ido yake gani. Motsin da ke kan allo jerin hotuna ne tsayayyu da ake sauyawa da sauri, kamar yadda ake yi a majigi, kuma kowane ɗaya daga cikinsu ana kiransa firam. A silima firam 24 ake nunawa cikin sakan guda. Amma fa hotunan silima an riga an ɗauke su an ajiye, na wasa kuwa babu su sai a lokacin da ake bukatarsu, gama ba wanda ya san inda mai wasa zai juya. Tilas kwamfuta ta ƙirƙiri kowane firam nan take. Idan ana son firam 60 cikin sakan, kowanne yana da milisakan 16.7 kacal, milisakan kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Idan ana son 144, lokacin ya ragu zuwa milisakan 6.9, idan kuwa 240 ne, milisakan 4.2. Duk maganar da za mu yi yau a kan wannan ɗan taƙin lokaci take: wane furosesa ne yake gama aikin firam kafin wa'adinsa ya cika, kuma sau nawa yake makara?

Aikin firam kashi biyu ne, ma'aikatansa ma biyu ne. Furosesa shi yake duba abin da mai wasa ya danna, ya lissafa inda kowane abu ya koma, ya gano ko ƙwallo ta taɓa ƙafa ko mota ta bugi bango, ya yanke abin da abokan gaba za su yi, ya kula da sauti da saƙonnin intanet, sa'an nan ya rubuta jerin umarni ya miƙa wa katin hoto. Shi kuma katin hoto ya zana hoton ɗigo bayan ɗigo. Ku ɗauke su kamar mai yanka da mai ɗinki a shagon tela. Idan mai yanka yana iya yanka riga 20 a yini, mai ɗinki kuwa 9 kaɗai yake iya haɗawa, riga 9 za ta fita daga shagon, ko da an kawo gwanin yanka daga wata ƙasa.

Wannan shi ne dalilin wani abu da yake ɗaure wa mutane kai a rahotannin masu gwaji. Sai ka ga sun ɗauko katin hoto mafi tsada a kasuwa, irin su RTX 4090 na 2022 ko RTX 5090 na 2025, sun kuma saukar da hoton zuwa ƙaramin awo na ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye. Mai karatu ya ce, wa zai sayi irin wannan kati ya yi wasa da wannan awo? Hoto mai wannan awo yana da ɗigo 2,073,600, babban awo na 3840 da 2160 kuwa yana da 8,294,400, watau ninki huɗu daidai. Idan aka ƙara yawan ɗigo, aikin kati ne yake ƙaruwa, na furosesa kusan yana nan yadda yake. Alal misali, a ce furosesa ɗaya yana iya shirya firam 200 cikin sakan, wani kuma 150, kati kuwa a babban awo 90 kawai yake iya zanawa. Duka biyun 90 za su nuna, har mai kallo ya rantse ƙarfinsu ɗaya. Saboda haka mai gwaji yake sauƙaƙa wa mai ɗinki aiki, domin a ga iyakar mai yanka. Hanyar daidai ce, amma a karanta sakamakonta da hankali. Tana faɗa maka abin da furosesa zai iya ranar da ka sami kati mai ƙarfi. Ga mai matsakaicin kati, tazarar da aka zana a jadawalin ba za ta bayyana a allonsa ba.

To, da me ake gane ƙarfin mai yankan? Shekaru da yawa amsa ɗaya mutane suka sani, ita ce gudun agogo. A cikin kowane furosesa akwai agogo mai bugawa, kuma da kowane bugu ake matsar da aiki gaba. Furosesan da ke cikin kwamfutar IBM ta 1981, watau Intel 8088, yana bugu miliyan 4.77 cikin sakan, abin da ake kira megahaz 4.77. Daga nan lambar ta riƙa hawa, har a watan Maris na 2000 kamfanin AMD ya riga Intel kaiwa gigahaz ɗaya, watau bugu biliyan guda, da 'yan kwanaki kawai. Masu talla sun so wannan lamba ƙwarai, domin ba ta bukatar bayani: babba ta fi ƙarama.

Tun kafin wannan lokaci kuwa wasa ya riga ya nuna cewa lamba guda ba ta isa ba. A tsakiyar shekarun 1990 akwai wani kamfani mai suna Cyrix, wanda furosesansa 6x86 yake da araha, yake kuma gogayya da Pentium na Intel a aikin ofis. A 1996 sai wasan Quake ya fito. Masu shi sun gina shi a kan lissafin lambobi masu gutsure, irin su 3.75, suka kuma daidaita shi da sashen Pentium mai yin wannan lissafi. Nan ne raunin Cyrix yake. Na'urar da ke tashi kamar iska a wajen rubutu sai ga ta tana ɗingishi a wasa, labari ya bazu, masu saye suka juya baya. A 1997 aka sayar da kamfanin. Ba Quake kaɗai ya jawo masa wannan ba, amma ya taimaka.

Babban darasin ya zo ne da Pentium 4, wanda Intel ya fitar a watan Nuwamba na 2000. An ƙera shi musamman don agogonsa ya yi gudu. Dabarar ita ce a yanyanka aiki zuwa ƙananan matakai da yawa, kamar leburori da suka yi layi suna miƙa wa juna bulo: idan an ƙara yawansu, kowa ɗan motsi kaɗan zai yi, miƙawar ta yi sauri. A samfurin 2004 matakan sun kai 31. Matsalar ita ce furosesa ba ya jiran ya tabbatar da hanyar da shiri zai bi a mararraba. Yakan yi hasashe ya ci gaba da aiki. Idan hasashen ya kuskure, duk bulon da ke hannun leburorin nan sai a zubar a soma daga farko, kuma gwargwadon tsawon layi, gwargwadon hasara. Wasa kuwa cike yake da mararraba: in harsashi ya samu a yi kaza, in bai samu ba a yi kaza. Da AMD ya fito da Athlon 64 a watan Satumba na 2003, sai aka ga samfurinsa mai gigahaz 2.0 yana kamo Pentium 4 mai gigahaz 3.2, har yana wuce shi a wasanni da dama. Jaki ya fi raƙumi yawan taku, raƙumi kuwa ya fi shi faɗin taku. Ƙarfin furosesa shi ne yawan bugun agogo a ninka da yawan aikin da ake gamawa a kowane bugu, kwali kuwa rabin wannan lissafi kaɗai yake ɗauke da shi.

Zafi ne ya tsayar da tseren. Pentium 4 ya tsaya a gigahaz 3.8, kuma a 2004 Intel ya fasa fitar da mai gigahaz 4. Ku duba wannan: daga 1981 zuwa 2004 gudun agogo ya ninka kusan sau 800, amma daga 2004 zuwa 2023, sa'ad da Core i9-14900K ya kai gigahaz 6.0, bai ko ninka sau biyu ba.

Da hanyar agogo ta toshe, sai kamfanoni suka koma ƙara yawan ma'aikata a cikin furosesa guda. Kowane ma'aikaci mai cin gashin kansa za mu kira shi cibiya. A 2005 aka soma sayar da masu cibiya biyu don kwamfutar gida, daga nan huɗu, daga nan takwas, kuma masu talla suka sami sabuwar lamba. Amma tun 1967 wani injiniya Ba'amurke, Gene Amdahl, ya yi bayanin iyakar wannan hanya. Akwai aikin da yake rabuwa, kamar noman gayya: mutum 20 za su gama gonar da mutum ɗaya zai yi kwana 20 a kanta cikin yini guda. Akwai kuma wanda ba ya rabuwa, kamar haƙar rijiya, inda mutum ɗaya ko biyu kaɗai ramin yake ɗauka, sauran sai dai su ja ƙasa daga sama. Idan rabin aiki irin na rijiya ne, cibiya takwas ba za ta ba ka ninki takwas ba. Lissafi ya nuna ninki 1.78 za ka samu, kuma ko ka kawo cibiya dubu ba za ka wuce ninki biyu ba. A wasa, sai an san inda abubuwa suke kafin a san wanne ya bugi wanne, sai an san wannan kafin a san abin da za a zana. Rijiyar tana da zurfi.

Shekarar 2011 ta tabbatar da haka. AMD ya fito da FX-8150 yana tallarsa a matsayin mai cibiya takwas, amma Core i5-2500K na Intel, mai cibiya huɗu kuma mafi araha, ya kayar da shi a yawancin wasanni, domin kowace cibiyarsa ta fi gama aiki. Cibiyoyin FX ɗin ma bibbiyu suke tarayya a kan wasu sassa, abin da ya kai masu saye a Amurka ga shigar da ƙara, har AMD ya amince a 2019 ya biya dala miliyan 12.1 don a kashe maganar. Daga baya al'amura sun ɗan sauya. PlayStation 4 da Xbox One na 2013 sun zo da cibiya takwas marasa ƙarfi, wannan ya tilasta wa masu rubuta wasa su koyi raba aiki, kuma DirectX 12 na 2015 da Vulkan na 2016 sun ba su hanyar raba rubutun umarnin katin hoto a tsakanin cibiyoyi. Saboda haka wasannin zamani suna amfana da cibiya shida zuwa takwas. Abin da ya haura takwas, ribarsa a wasa kaɗan ce. A kuma lura cewa tun 2021 Intel yake haɗa manyan cibiyoyi da ƙanana a furosesa guda. Cibiya 24 da aka rubuta wa Core i9-14900K, takwas ne manya, 16 ƙanana, kuma nauyin wasa galibi a kan manyan yake.

Yanzu mun iso inda nake ganin zuciyar batun take, kuma ina roƙon ku ba ni hankalinku a nan. Furosesa na zamani ya fi ɓata lokaci wajen jira fiye da yadda mutane suke zato. Kafin ya yi lissafi sai bayanai sun zo hannunsa, bayanan kuwa suna cikin babban ma'aji da ake kira RAM, wanda ke zaune a gefe, nesa da furosesa da 'yan santimita. Kada ku raina 'yan santimitan nan. A gigahaz 5, bugu ɗaya na agogo kashi ɗaya cikin biyar ne na nanosakan, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan. A wannan lokaci haske kansa, wanda babu abin da ya fi shi gudu, santimita 6 kawai yake tafiya. Aika tambaya zuwa RAM a sami amsa yakan ɗauki nanosakan 60 zuwa 80, watau bugu 300 zuwa 400.

Don a rage wannan jira ake gina ƙananan ma'ajiyoyi a cikin furosesa kansa, hawa uku, waɗanda za mu kira ma'ajin kusa. Ku kawo malami a ranku yana zaune a zaure yana rubutu, mu kuma ɗauka bugu ɗaya na agogo sakan ɗaya ne. Littafin da ke buɗe a cinyarsa shi ne hawa na farko, duba shi sakan 4 ko 5 ne. Wanda ke cikin gafakarsa shi ne hawa na biyu, kamar sakan 15. Wanda ke kan kanta a ƙarshen zaure shi ne hawa na uku, sai ya tashi, kusan minti guda. Idan kuwa littafin ba ya zauren, sai a aiki ɗalibi gidan wani malami ya aro, a zauna ana jira minti 5 ko 6. Malamin nan komai saurin alƙalaminsa, idan kowane shafi sai an yi aike sau da yawa, ƙafar ɗalibi ce take yanke yawan abin da zai rubuta a yini. Furosesa yana da dabarun rage hasarar, yakan yi aike tun kafin bukata ta zo, yakan kuma kama wani aiki kafin ɗan aike ya dawo. Amma wasa yana karya waɗannan dabaru, domin duniyarsa tana da dubban abubuwa a warwatse cikin ma'aji, kowanne yana nuni zuwa ga wani, ba a sanin na biyu sai an buɗe na farko, kuma a kowane firam sai an sake zagaya su.

A watan Afrilu na 2022 aka sami gwajin da ya fi kowanne tsabta a kan wannan magana. AMD yana da furosesa mai suna Ryzen 7 5800X, mai cibiya takwas, mai megabait 32 a hawa na uku, agogonsa yana kaiwa gigahaz 4.7. Sai ya ɗora wani ɓallin ma'aji mai megabait 64 a bisa cibiyoyin, jimla ta zama 96, ya kira sabon 5800X3D. Cibiyoyin su ne dai na da, agogon ma an rage shi zuwa 4.5 saboda zafi. Wanda ya bi kwali zai ce an ci baya. A wasu ayyuka, kamar sarrafa bidiyo, lalle ya ɗan ci baya. A wasa kuwa ya wuce ɗan'uwansa da tazara bayyananniya, a wasu wasanni har fiye da kashi 20 cikin 100, musamman masu faɗin duniya irin su Microsoft Flight Simulator. Ba a ƙara wa malami saurin hannu ba, kantarsa aka faɗaɗa sau uku, aike ya ragu.

Abin da ya biyo baya ya ƙara ƙarfafa wannan. A 2023 an gwada Ryzen 7 7800X3D, mai cibiya takwas da gigahaz 5.0, wanda ya fito a kan dala 449, da Core i9-14900K mai cibiya 24 da gigahaz 6.0, wanda ya fito a kan dala 589. Galibin masu gwaji masu zaman kansu sun sami na farkon yana daidai ko yana gaba idan aka haɗa wasanni da yawa, alhali wutar da yake sha a lokacin wasa ba ta kai rabin ta abokin karawarsa ba. A aikin da yake rabuwa kamar gayya kuwa, na Intel ya bar shi nesa, kuma wanda yake cin abinci da haɗa bidiyo ya kamata ya san wannan. A watan Oktoba na 2024 Intel ya fito da Core Ultra 9 285K, wanda ya rage shan wuta, amma sashen da ke magana da RAM ya koma wani ɓalli dabam da na cibiyoyi, jira ya ƙaru, har a wasanni da yawa sabon bai kai tsohon ba. Wata guda bayan haka AMD ya fito da 9800X3D, inda ya mai da ƙarin ma'ajin ƙarƙashin cibiyoyi don kada ya zama musu bargo, agogo ya hau zuwa 5.2. Abin sha'awa shi ne, wani ɓangare na nasarar Athlon 64 a 2003 ma daga nan ya fito, domin shi ya shigo da sashen magana da RAM cikin furosesa, Intel bai yi haka ba sai 2008. Haka kuma wanda ya sa sandar RAM guda ɗaya maimakon biyu ya rufe wa ɗan aikensa ɗaya daga cikin ƙofofi biyu, ko da wane irin furosesa ya saya.

Sai kuma mu duba ma'aunin kansa. An saba a ce kaza yana ba da firam 100 cikin sakan, kaza 90, a yanke hukunci. Wannan matsakaici ne, matsakaici kuwa yana iya ɓoye aibi. A ce cikin sakan guda na'ura ta fitar da firam 99, kowanne a milisakan 9, sa'an nan firam ɗaya ya maƙale har milisakan 109. Jimla milisakan 1000 ke nan, firam 100. Wata na'urar kuma ta fitar da firam 90, kowanne a milisakan 11.1, babu tangarɗa. A takarda ta farko ta ci. A ido kuwa ta farko tana tuntuɓe sau ɗaya a kowane sakan, kuma babu mai wasan da zai zaɓe ta. A 2011 wani marubuci mai suna Scott Wasson, na mujallar The Tech Report ta intanet, ya jawo hankali ga wannan, ya soma auna lokacin kowane firam ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ne aka saba kawo lamba ta biyu a rahotanni, wadda take nuna gudun firam mafiya nawa, kashi 1 cikin 100 na ƙasa. A ganina wannan lamba ta biyu ta fi ta farko daraja idan furosesa ake aunawa, domin a irin waɗannan lokuta, sa'ad da bam ya tashi ko aka shiga sabon gari cikin wasa, aikinsa yake taruwa. Rahoton da bai kawo ta ba, rabin rahoto ne.

Ya kamata kuma a tambayi wanda ya yi gwajin, da yadda ya yi shi. A watan Oktoba na 2018 Intel ya biya wani kamfani, Principled Technologies, ya gwada Core i9-9900K da Ryzen 7 2700X. Da masu bincike suka duba, sai suka tarar an kunna wa na AMD wani saiti da ya kashe rabin cibiyoyinsa. Da aka sake gwajin, na Intel yana gaba har yanzu, amma tazarar ta ragu ƙwarai. Ko babu son kai, ranar gwaji ma tana da tasiri: a watan Agusta na 2024 wani gyara da Microsoft ya yi wa Windows 11 ya ƙara wa furosesoshin Ryzen gudu a wasanni, jadawalin da aka buga kafin wannan ya tsufa nan take. Wasannin ma ba ɗaya suke ba. A Civilization VI abin da yake damun mai wasa shi ne sakan nawa zai jira kafin kwamfuta ta gama yin nata zagayen, mai buga Counter-Strike 2 kuwa firam ɗaruruwa yake nema. Matsakaicin wasanni 40 ba shi da amfani ga wanda wasa biyu kawai yake bugawa, sai ya nemi layin wasanninsa.

Akwai abu guda da jadawalin ƙasashen waje ba zai faɗa mana ba. Galibin gwaje-gwajen nan a ɗaki mai sanyi ake yin su, wajen digiri 21 zuwa 23. A Kano ko Sakkwato ko Yamai, zafin watan Afrilu yana haura digiri 40. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa, don haka kowane digiri da ya ƙaru a ɗaki yana ƙaruwa a jikin furosesa. Kowane furosesa yana da iyaka: digiri 100 ga 14900K, 89 ga 7800X3D. Idan ya kai iyakar, da kansa yake rage gudun agogonsa don kada ya ƙone, sai gigahaz 6.0 ta zama ta kwali kawai. Ƙurar hunturu da ke toshe haƙarƙarin ƙarfen sanyaya tana ƙara tsananta abin. Ga kuma wuta. An yarje wa 14900K ya sha har wat 253 a aiki mai nauyi, ko da yake a wasa ba ya kai haka. A ce bambancin furosesa biyu a wasa wat 80 ne, ana wasa awa 4 a dare. Wat-awa 320 ke nan. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2400, kuma irin na dalma rabinsa ake so a ci. Wannan bambanci kaɗai ya lashe fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake da shi. Ga mai sola ko janareta, wat nawa aka kashe a kan kowane firam lamba ce da ta kamata ya nema.

Haka nan gwajin mako guda ba ya nuna abin da shekara za ta haifar. A 2024 Intel ya tabbatar cewa wasu furosesoshinsa na zuriya ta 13 da ta 14 suna neman ƙarfin lantarki fiye da kima, abin da yake lalata su a hankali har wasa ya riƙa mutuwa ana cikin yi. Ya fitar da gyara a watannin Agusta da Satumba, ya kuma ƙara garanti da shekara biyu, amma gyaran kariya ne kawai, ba ya warkar da wanda ya riga ya lalace. Mu da yawancin kayanmu na hannu ne, kuma garanti bai cika biyo su ba, wanda zai sayi ɗaya daga waɗannan ya sa a gwada masa shi da aiki mai nauyi na awoyi kafin ya miƙa kuɗi.

Daga ƙarshe akwai allon kansa. Allo na gama-gari sau 60 yake sabunta hoto cikin sakan, firam 200 da furosesa ya shirya ba za su bayyana a kansa cikakku ba. Mai irin wannan allo da matsakaicin kati, furosesa mai cibiya shida na 2022, kamar Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F, zai cika masa milisakan 16.7 ɗinsa a yawancin wasanni, rarar kuɗin kuwa a kan kati ta fi amfani. A kuma duba madabod, watau babban farantin da ake dasa furosesa a kai. Wanda ya sayi madabod mai gurbin AM4 a 2017 don Ryzen na farko, a 2022 ya sami damar cire tsohon ya dasa 5800X3D a gurbin, bayan ya sabunta ɗan shirin da ke cikin madabod ɗin, ba tare da ya sauya RAM ko wani abu ba.